Gidan Da Babu Zakara

Mahaifinmu ya yi rabin rayuwarsa a gidan ƙyanƙyasar kaji, kuma aikinsa guda ɗaya ne. A turo masa kwandon 'yan tsaki, ya ɗauki ɗaya, ya duba, ya jefa mace dama, namiji hagu. Shi ya sa ni da Yaya muka iya bambance ɗan tsako namiji da mace tun kafin mu iya ɗaure igiyar takalmi. 'Ya'yan mutane ana koya musu waƙa, mu ana buɗe mana fiffike ana cewa mu duba gashi. Na tsani wannan karatun a lokacin, don hannuna kullum warin kaji yake yi, amma ya zauna mini daram a kai.

Kajin bayan gidanmu kuwa na Mama ne. Baba ya ce ya ga kaji a wurin aiki har sun ishe shi, ita ta ce wannan matsalarsa ce. Filin ɗan ƙarami ne, akwai tankin ruwa, igiyar shanya, da akurki na katako da Baba ya ƙera mata yana mita. A duk layinmu babu mai kiwo sai mu.

Da Mama ta rasu, gida ya cika da masu gaisuwa, sai wata gwaggonmu mai rawar kai ta sa aka kama zakaran gidan aka yanka wa baƙi, ba tare da ta tambayi kowa ba. Kaji biyu da suka rage cuta ta kwashe su. Sai tsohuwar kazar Mama kaɗai, baƙa mai farin gashi a wuya, wadda a lokacin take kwance a kan ƙwai. Ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara a makon da likita ya ce mu mayar da Baba gida mu kula da shi. Ya yi mana nuni cewa 'yan kwanaki ne suka rage masa, mu ma mun gane.

Muka sa masa gado a jikin tagar da ke kallon bayan gida. Yaya ta ajiye aikinta na gidan burodi ta dawo jinya. Ni kuma dama ɗinki nake yi a gida, sai na jawo kekena zuwa ƙofar ɗakinsa don in riƙa jin motsinsa.

Wata rana da hantsi, Yaya tana goge masa ƙafa, ni ina warware bakin wata riga, sai ya ce, yana kallon taga, "Mahaifiyarku ta bar mini amana. Ta ce kada in bar gidan nan babu zakara."

"To Baba," in ji Yaya.

"Ranar da na ji cara daga kajinta, na sauke nauyi. Sai in bi ta."

Ni bakina ba ya da linzami, kowa ya sani. Na ce, "Ai da sauƙi, Baba. Gobe in shiga kasuwa in sayo maka ƙato, ka huta da jira."

Yaya ta watsa mini wani kallo da ya isa ya ƙona rigar da ke hannuna. Baba kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Auta ke nan. Na kasuwa ba nata ba ne."

Ni na ɗauka maganar marar lafiya ce, irin wadda ake ji a bari. Ashe Yaya ta ɗauke ta ta adana.

'Yan tsakin gida ba kamar na kamfani ba ne. Baba ya sha gaya mana cewa dabarar fiffike a kan na kamfani take aiki, na gida jininsu gauraye ne, sai sun ɗan tasa suke nuna kansu. Don haka Yaya ta jira. Kullum in ta kai musu dusa sai ta tsuguna ta daɗe, ba ta ko ƙifta ido. Da gashinsu ya fara sauyawa, sai na ga ta kama ɗaya ta juya shi tana duba zankon kansa. Ya riga na sauran ja, ya riga su tsawo. Ta murza ƙafafunsa ta ji kauri. Ta sa shi cikin kwali mai huji, ta yafa mayafi ta fita. Da ta dawo kwalin babu komai.

"Ina kika kai shi?" na tambaye ta a ɗakin girki.

"Wurin mai kaji na bakin titi."

"Yaya, kin san dai ba zakara ne yake ɗaukar rai ba."

"Na sani."

"To mene ne na wannan wahalar?"

Ta ci gaba da wanke cokali ɗaya tilo, ta gama ta sake wanke shi. Can ta ce, "Kin ji abin da likita ya ce. Kin kuma ga har yau Baba yana nan. Me kike jin ya riƙe shi?"

Gaskiya ne, lokacin da likita ya yi mana nuni da shi ya wuce tuni. Daga ranar na daina yi mata tsiya, bayan kwana biyu ma ni ce mai riƙe kwalin.

Biyu daga cikin sauran mazan ba su ba mu wahala ba, sun tona wa kansu asiri da wuri, suna tayar da gashin wuya suna karo da ƙirji. Na huɗu ne ya so ya raina mana hankali, zankonsa ƙarami, tafiyarsa ta mata. Sai Yaya ta ɗauko tsohuwar hular Baba ta aiki, muka yi musu gwajin da ya koya mana muna yara. Ana wulla hula ta saman kansu, inuwarta ta gifta kamar ta shaho. Mata sukan lafe a ƙasa, namiji kuwa sai ya miƙe wuya ya ga wane ne. Yaya ta wulla. Duk suka kwanta, shi ya miƙe yana zare ido, na cafke shi.

Abin da ban gaya wa Yaya ba shi ne, uwarsu ba ta lafe ba, ba ta kuma kalli hular ba. Tana tsaye a gindin tanki, kanta a karkace, ido ɗaya a kan tagar Baba. Na ce a raina tsufa ne, ta ga shaho ta ga hula, ta san bambanci.

Aka bar mu da sagaru biyar, 'yan mata zalla, da uwarsu. Yaya ta fara cin abinci da ɗan marmari. Har waƙa na ji tana yi a wurin shanya.

Kowace safiya in na kai wa Baba ruwan ɗumi sai ya tambaya, "Ba su fara ba?"

"Da saura, Baba."

"To."

Jikinsa kuwa kullum raguwa yake yi. Ya daina cin abu mai nauyi, daga baya ya daina cin komai, sai ruwa a cokali. Nas ɗin da ke zuwa yi masa allura, mace mai yawan surutu da ba a raba ta da labarin surukarta, ta fara shigowa shiru tana fita shiru. Wata rana ta daɗe riƙe da wuyan hannunsa, ta sauya hannu, ta sa abin saurare a ƙirjinsa, ta ɗago ta dube shi. Shi ma yana kallonta, har ya ce mata sannu da aiki. A bakin ƙofa na tare ta na tambaye ta yaya ta gani.

"Ikon Allah," ta ce, tana neman takalminta. "Ku dai ci gaba da addu'a."

Ba ta sake zuwa ita kaɗai ba, sai da wata abokiyar aikinta da take tsayawa a waje.

Ni ma na lura da abubuwa, ina dai haɗiyewa. In na ɗaga shi zan sauya zanen gado, ba ya fi kwandon wanki nauyi. Ɗakin ya yi sanyi ko da rana ta take, har na fara sa rigar sanyi in zan zauna a keke. Ba na ganinsa yana barci. Duk lokacin da na leƙa, idonsa biyu, a kan taga. Ciwon da yake sa shi nishi a da ma ya daina ambatonsa, amma fuskarsa ta wanda ya gaji ce, irin gajiyar mai tsayuwa a tasha mota ta ƙi zuwa. Na ji tsoro, kuma na ji kunyar jin tsoron mahaifina.

Wata rana ina ba shi ruwa ya ce, "Auta, kukan namiji daban yake da na mace, ko kin manta?"

"Ban manta ba."

"Kwana biyu ba na jin na maza."

Na ce wataƙila shaho ne, ko kyanwar maƙwabta.

"Wataƙila," ya ce. Bai yi fushi ba. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Sannan sai aka fara jin sautin. Ba cara ba ce, wani guntun kaki ne a shaƙe, kamar ana jan ƙofa mai tsatsa, ya fito ya yanke. Ranar farko ina taka keke na ji shi, na ce ƙarfen keken ne yake son mai. Rana ta biyu Yaya ta ji daga ɗakin girki, ta fito a guje da ludayi a hannu. Kafin mu isa bayan gida, duk suna ta tonon ƙasa kamar ba su san komai ba.

"Akwai namiji a cikinsu," in ji Yaya. "Ya ɓuya."

Muka kama su ɗaya bayan ɗaya muka sake dubawa daga kai har ƙafa. Zanko ƙarami, kodaɗɗe. Gashin wuya mai zagayayyen baki, ba mai tsini ba. Jela a tsaye, babu lanƙwasa. Ƙafa siririya. Ko makaho ya shafa ya san mata ne. Amma akwai wata mai ruwan toka da ta fi sauran girma da ƙarfin hali, ita Yaya ta sa wa ido.

"Wannan mace ce, Yaya. Ki taɓa ƙugunta ki ji, ta kusa fara ƙwai."

"Ban yarda da ita ba."

Ta tafi cikin kwali. Washegari da rana sautin ya dawo, ya ma ɗan ƙara tsawo.

Daga nan Yaya ta daina dubawa. Duk ilimin da Baba ya ɗura mana ta ajiye shi gefe, wadda ta ɗaga kai ta kama, wadda ta buɗe baki ta kama. Mai kaji da kansa ya tambaye ta ko lafiya, mutum yana rabuwa da sagaru ana gab da cin moriyarsu. Ni na yi ta faɗa, na ce mata wannan ya tashi daga jinya ya koma wani abu, na ce Mama da tana nan da ta ci mana mutunci. Ta ce Mama ba ta nan, Baba ne yake nan. Muka yi kwana biyu ba ma gaisawa sai a gabansa.

Ƙarshe dai filin ya zama fayau. Akurki a buɗe, kwanon dusa a cike, babu mai ci sai tsohuwar kazar Mama. Ita babu wanda ya taɓa kawo ta cikin lissafi. Uwa ce, a gabanmu ta yi ƙwai, a gabanmu ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. Wa zai tsaya duba uwa ko namiji ce? Ta daina ƙwai tun bayan 'yan tsakin, muka ce tsufa ne, muka bar ta da abinta.

Yaya ta ce, "Shi ke nan, yanzu sai mu huta."

Da safiyar Laraba na fita shanya. Rana ta ɗaga, ana jin motoci a titi, wani yana buga ƙusa a gidan baya. Ina girgiza zanen gado sai na ji fuka-fuki a bayana. Na juya. Kazar ta hau kan murfin tanki, inda tsohon zakaran yake tsayawa a da. Sai a lokacin na dube ta irin duban da aka koya mini. Zankonta, da na sani ƙarami a kwance, ya miƙe ya yi jawur. Gashin wuyanta ya yi tsini yana sheƙi. A bayan ƙafarta wani ɗan ƙaho ya tsiro. Tana fuskantar tagar Baba.

Sai wata magana ta faɗo mini, wadda Baba ya taɓa yi muna yara, muka ɗauka ba'a ce irin tasa. Ya ce in garke ya daɗe babu zakara, babbar kazar cikinsu takan karɓi aikin.

"Yaya," na kira, ban ɗaga murya ba. "Zo ki gani."

Ta fito tana goge hannu. Kallo ɗaya ta yi ta gane, don idonmu ɗaya ne ni da ita. Kazar ta buga fiffike, ta miƙa wuya, ta fitar da wannan guntun kakin. Yaya ta yi tsalle kamar yarinya, ta fizgo ta daga kan tankin, ta zube a ƙasa da ita. Ta matse ta a cinya, ta damƙe bakin da hannu ɗaya.

"Ɗauko wuƙa."

"Kazar Mama ce."

"Auta, ɗauko wuƙa na ce."

Ban motsa ba. Kazar ba ta yi ko fizge-fizge ba, ta kwanta lamo a jikin Yaya, idonta ɗaya yana kallon taga ta tsakanin yatsu. Ina ganin maƙogwaronta yana kumbura yana saɓewa. Mai buga ƙusa ya daina. Yaya tana kuka babu sauti, hawaye yana ɗiga a kan baƙin gashin.

Sai muryar Baba ta fito ta taga. Ya daɗe ba ya iya magana sai mun kai kunne bakinsa, amma wannan karon tar muka ji shi, da muryarsa ta da, wadda yake kiranmu da ita mu zo mu duba fiffike.

"Babba."

Haka yake kiran Yaya. Ta amsa, "Na'am, Baba."

"Sake ta."

"Baba, ka bari ko zuwa jibi."

"Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma na gaji, 'yata. Ita ma ta daɗe tana kira, kuna toshe mata baki."

Yaya ta dube ni, wai ko zan ce wani abu. Na tsuguna kusa da ita na ɗora hannuna a kan nata. Ban ja ba, ban matsa ba. Mun jima a haka kafin na ji yatsunta suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Kazar ta sauka, ta girgiza jiki, ta taka a hankali ta koma kan tanki. Ta gyara tsayuwa. Ta yi cara cikakkiya, doguwa, mai kaushi a ƙarshe, har ta amsa a bangon gidan baya. Sau ɗaya ta yi, ta sauko ta nufi kwanon dusa.

Muka shiga ɗakin tare. Yana kwance yadda na bar shi, fuskarsa wajen taga, idonsa a rufe karo na farko cikin lokaci mai tsawo. Gajiyar nan ta bar fuskarsa. Yaya ta durƙusa tana salati. Ni na kama hannunsa don in miƙar masa da shi a gefe, sai hannun ya ƙi miƙuwa. Ya sandare, kuma sanyinsa ba na yanzu ba ne, irin na ƙarfen da ya kwana a waje ne.

Na kira nas. Ta zo da abokiyar aikinta, wannan karon su biyun suka shigo. Ta yaye mayafin, ta taɓa wuyansa, ta gwada lanƙwasa gwiwar hannunsa, ta mayar da mayafin a hankali. Ta yi mana gaisuwa, sannan ta tambaya, tana kallon ƙasa, "Tun yaushe?"

"Yanzun nan," in ji Yaya. "Yanzu ya gama yi mini magana."

Nas ta dubi abokiyarta, ta dube ni. Na san abin da take so in faɗa, na kuma san abin da hannuna ya taɓa. Na ce, "Haka ne, ni ma na ji shi."

Ba ta sake tambaya ba. Ta tagar muna hango kazar Mama ita kaɗai a filin, tana cin dusarta.